Dara a Essen: Nazarin Zuwan Farko Baje Kolin Wasannin Tebur

Kowace shekara a watan Oktoba, birnin Essen da ke yankin Ruhr a yammacin Jamus yakan karɓi taron da ake kira SPIEL, baje kolin wasannin tebur da ya fi kowanne cika a duniya. Wasan tebur shi ne wanda mutane za su zauna fuska da fuska su yi da hannu, da allo ko kati ko 'yan itatuwa, ba a waya ko kwamfuta ba. Lido da dara da karta duk danginsa ne, sai dai a can ana ƙirƙiro sababbi kowace shekara. An fara taron a 1983 a wata cibiyar ilimin manya ta garin, da mutane kimanin 5,000. A 2023, shekarar da wannan nazari ya shafa, an yi shi daga Alhamis 5 zuwa Lahadi 8 ga Oktoba. Masu shirya shi sun ce mutum 193,000 ne suka shiga, masu baje haja sun haura 900 daga ƙasashe fiye da 50, sababbin wasannin da aka nuna kuma sun wuce 1,500.

Lamarin da zan bi diddiginsa na ɗan ƙanwata ne, wanda a gida muke tsokana da Injiniya tun kafin ya shiga jami'a. Yana digiri na biyu a wata jami'a ta yankin, ni kuma na daɗe ina aiki a can, don haka ni na raka shi. Babu wanda ya taɓa zuwa irin wannan taro a cikinmu. Ni kallo ya kai ni. Shi kuwa da haja ya je.

Abin da ya kai

Injiniya ya taso yana kallon tsofaffin unguwarsu suna dara a ƙofar gida bayan la'asar, irin mai gida talatin, layi biyar a tsaye shida a kwance. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya goma sha biyu, wannan da tsinke wancan da tsakuwa. Za a jera su ɗaya bayan ɗaya, sannan a fara matsawa gida ɗaya ɗaya, wanda ya jera uku a layi ya ci ɗan abokin karawarsa. Da ya zo Jamus ya ga yadda abokan karatunsa suke kashe daren Juma'a a kan wasannin tebur na Jamus irin su Catan da Carcassonne, sai ya ce ai mu ma muna da namu. Ya ɗauki ƙashin bayan dara ya faɗaɗa shi ya zama na mutum huɗu, ya ɗora masa labarin fataken gishiri: ayari ya tashi daga Kano, ya bi ta Damagaram da Agadas, ya nufi Bilma. 'Ya'yan dara suka koma raƙuma. Raƙuma uku a layi sun zama ayari, ayari ne kawai zai iya ɗauko gishiri, kuma wanda ya haɗa ayari yana iya korar raƙumin wani daga rijiya. Ya ƙara kati na madugu, na guguwa, na 'yan fashi. Raƙuman da kansa ya fere su da injin yankan katako na ɗakin gwajin jami'a, kuma sun yi kyau ƙwarai, wannan ba a musu.

Burinsa a fili yake: wani kamfani ya gani, ya so, ya buga, sunansa ya hau kan kwali. Wannan buri ba na banza ba ne a Jamus. A can wanda ya ƙirƙiri wasa ana ɗaukarsa kamar marubucin littafi, kuma da gwagwarmaya aka kai ga haka. A 1988, a gefen baje kolin kayan wasa na Nuremberg, masu ƙirƙirar wasanni goma sha uku, ciki har da Reinhold Wittig da Alex Randolph, suka sa hannu a kan ɗan kwalin da ake ɗora kofi a kai cewa ba za su sake ba wani kamfani wasa ba sai an rubuta sunansu a murfi. Klaus Teuber, mai Catan, wanda ya rasu a watan Afrilun 2023, mai haɗa haƙoran roba ne kafin wasan nasa da ya fito a 1995 ya sauya masa rayuwa. Injiniya ya haddace waɗannan labarai tas.

Mahaifiyarsa fa hankalinta bai kwanta ba. Da ta ji an ce kati da dayis, sai ta kira ni: "Yaya, ka tabbata ba caca yaron nan ya faɗa ba?" Tambayar ba ta wauta ba ce, don a wurinmu duk inda aka ga karta a hannun samari an san abin da yakan biyo baya. Na zagaya zaurukan nan ban ga inda aka ajiye ko sisi a kan tebur don a ci ba. Kuɗin da ke fita na sayen kwalin wasa ne, kuma suna fita sosai.

Yadda wurin yake

Jirgin ƙasa na cikin gari mai lamba U11 ne ke kai mutum daga babbar tashar Essen zuwa filin baje kolin, kusa da lambun Gruga. Da safe ana matsuwa a ciki har ba ka iya ɗaga hannu, kuma da yawa daga fasinjojin suna jan akwatin tafiya wanda babu komai a ciki. Da yamma za su dawo da shi maƙil. Ƙarfe goma ake buɗe ƙofa, wasu su kwasa da gudu saboda akwai wasannin da kamfani ya kawo ƙwaya kaɗan, kafin azahar sun ƙare. A shekarar ne aka fara raba zaurukan bisa nau'i, na iyali a gefe, na ƙwararru masu wasan awa uku a gefe, na kati da na 'yan sojojin roba da ake yi wa fenti a wani gefen. Layin da ya fi ba ni mamaki shi ne na wani sabon wasan kati na Disney da ake kira Lorcana, wanda mutane suka tsaya sa'o'i a kansa.

Wanda ya san Kantin Kwari ana gobe Sallah ya san cunkoson da hayaniyar. Bambancin shi ne a nan kusan kowace babbar rumfa tana da tebura da kujeru, kuma ba a ce ka saya tukuna. Ka samu kujera ka zauna, sai wani ma'aikaci mai rigar kamfanin ya zo ya tambaya Jamusanci ko Ingilishi, ya koya muku wasan cikin 'yan mintuna, ya bar ku ku buga da mutanen da ba ka taɓa gani ba. Na zauna da wata tsohuwa 'yar Holand da jikanta da wani saurayi ɗan Koriya muka yi Dorfromantik, wanda ya ci kyautar Spiel des Jahres, wato gwarzon wasan shekara, ta shekarar. Wannan kyauta tun 1979 ake ba da ita, kuma alamarta a kan kwali tana ninka ciniki sau da yawa. Ba mu haɗa harshe sosai ba, amma kafin minti biyar kowa ya san abin da zai yi. A lokacin nishaɗi kawai na ɗauke shi. Sai daga baya na gane cewa waɗannan minti biyar su ne ainihin abin da ake sayarwa a Essen.

Abinci kuwa sai haƙuri. Yawancin rumfunan tsiran alade suke sayarwa, muka zauna a kan soyayyen dankali da burodi. Salla a wani lungu muka yi, a kan rigunan sanyinmu, babu wanda ya ko kalle mu, kowa kwalinsa ya dame shi.

Zama da edita

Abu na farko da Injiniya ya ci karo da shi: masu yanke hukunci ba a gaban rumfa suke ba. Matasan da ke koyar da wasa yawanci haya aka yi su na kwanakin taron. Editocin kamfani, masu zaɓar wasan da za a buga su gyara shi, suna can ciki a wani ɗan ɗaki da aka kewaye da allo, kuma lokacinsu an riga an rarraba shi tun makonni kafin a buɗe, rabin awa rabin awa. Wanda ya san kan abin yakan aika wasiƙar imel da takarda guda mai hoton wasan, adadin 'yan wasa, shekarun da ya dace da su, tsawon lokacinsa, da abin da ya bambanta shi da saura, sannan a ba shi lokaci. Injiniya bai aika wa kowa ba. Yawancin inda ya tsaya an karɓe shi da fara'a, an ba shi adireshin imel, an wuce wurin.

Sai ranar Asabar wata edita ta wani ƙaramin kamfani ta samu sarari saboda wanda take jira bai zo ba. Ta ce ya shimfiɗa. Ya jera raƙuma, ya fara bayani daga tarihin gishirin Bilma, ya gangaro kan madugu da zango da yadda ake ɗaure kaya. Ta saurara kamar minti uku, sannan ta tambaye shi abu ɗaya: idan yi ya zo kaina, me zan yi? Ya amsa, amma amsar ta ɗauki lokaci, don kowace ƙa'ida tana da "sai dai idan" a bayanta.

Ta gaya masa abubuwa da dama ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Raƙuma 48 na katako za su sa wasan ya yi tsada, domin lissafin da suke bi shi ne kuɗin ƙera kwali ɗaya kada ya wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na farashin kanti, tunda mai rarrabawa da mai kanti da haraji duk suna da rabonsu. Katunansa cike suke da rubutun Ingilishi, alhali ƙaramin kamfani yana rayuwa ne da sayar wa takwarorinsa na Faransa da Poland da Sifaniya izinin bugawa, don haka sun fi son alama a kan kati maimakon jimla. Ta kuma gaya masa cewa ko an buga, rabon mai ƙirƙira bai cika kaiwa kashi goma cikin ɗari na abin da kamfani ya samu ba, bugun farko kuma 'yan dubbai ne, don haka kada ya ajiye karatunsa. Duk wannan ya shanye shi. Abin da ya ƙona masa rai shi ne da ta ce wasannin raƙumi da hamada sun riga sun yi yawa a kasuwa.

A kan hujja ba ta yi ƙarya ba. Reiner Knizia ya fitar da wasan ayarin raƙuma tun 1998, Andreas Steiger kuma ya fitar da Targi a 2012, wasan mutum biyu a kan Buzaye da gishiri da dabino, kuma ya karɓu sosai. Amma a nan ni ban bi ta ba. Waɗancan wasanni ne masu kyau da aka lulluɓe da hamada kamar mayafi, da za a cire raƙuman a sa jiragen ruwa ba abin da zai lalace. Na Injiniya daga dara ya tsiro, kuma dalilin da ya sa raƙumi ɗaya ba ya ɗaukar kaya sai an haɗa uku dalili ne da duk wanda ya ji labarin fatake a bakin kakansa ya sani: ba a shiga hamadar Tenere kai kaɗai. Cewa wasu sun riga ka ba da labarin gidanku ba ya hana ka bayarwa. Sai dai edita ciniki take dubawa, kuma mai kanti a Hamburg ba zai tsaya bambance raƙumin wani da na wani ba.

Teburin baƙi

Kafin mu tashi ta ba shi shawarar da ta zama ƙashin bayan wannan nazari. Ta ce ya nemi mutanen da ba su san shi ba, ya miƙa musu kwalin da takardar ƙa'idoji, ya koma gefe ya kama bakinsa. Ko sun yi kuskure kada ya gyara. Ya rubuta kawai.

Samun mutanen bai yi wuya ba. Da an rufe zauruka ƙarfe bakwai, taron yakan koma otal-otal na kewaye, inda za ka ga an mamaye kowane tebur na falo ana fasa sababbin kwalaye har tsakar dare. Wasu mutum huɗu, ma'aurata biyu daga Beljiyam, suka yarda. Injiniya ya zauna a kujerar da ke bayansu da biro da littafi, ni kuma ina gefensa ina riƙe masa gwiwa duk lokacin da ya yunƙura zai yi magana.

Karatun takardar kaɗai ya ci musu kusan minti ashirin. Da aka fara jera raƙuma, ɗaya daga cikin matan ta jera uku a layi tun a zagayen farko ta ce ta haɗa ayari. A dara kowa ya san ba a yin uku lokacin jeri, sai an fara matsawa. Injiniya bai rubuta ba, don bai taɓa zuwa masa a rai cewa abu ne da ake faɗa ba. Can kuma wani ya jera huɗu ya ce ai huɗu ta fi uku, ya kori raƙuma biyu. A dara huɗu ba ci ba ce. Wannan ma ba ya cikin takarda. Sai gardama ta tashi a kan ko ana iya korar raƙumin da ke cikin ayarin da aka riga aka haɗa. Suka juyo suka kalle shi. Ya sunkuyar da kai, ya raɗa mini: "Kawu, wallahi wannan ko a gida ya danganta da inda ka zauna." Gaskiya ya faɗa. Abin da ake yi a wannan dandali ba lallai shi ake yi a garin gaba ba, kuma ba a taɓa jin ya zama matsala ba, domin kullum akwai dattijo a gefe da zai ce a nan ba haka muke yi ba, magana ta ƙare.

Ba su gama wasan ba. Wajen rabi ɗaya daga cikin mazan ya gano cewa idan ya matsar da raƙumi guda gaba ya dawo da shi baya zai riƙa haɗa ayari a kowane zagaye, kuma da taimakon katin madugu babu mai iya tare shi. Tsofaffin 'yan dara sun san wannan tarko, kuma a wasan mutum biyu gwaninta ita ce ka hana abokin karawarka kafa shi. A wasan mutum huɗu kuwa kowa ya zuba ido yana jiran wani ya sadaukar da raƙuminsa ya toshe, babu wanda ya yi. Dara ta ci gida. Suka yi dariya, suka yaba raƙuman, ɗaya daga cikin matan ta ce sashen da ake tsere zuwa rijiya ya fi komai daɗi kuma da ma shi ne dukan wasan. Injiniya ya cika shafi shida.

Inda gizo ke saƙar

Idan aka tattara abin da ya faru, rashin yin alƙawari da kamfanoni ƙaramin abu ne, imel ɗaya ke gyara shi. Tsadar raƙuma ma haka, a rage su ko a mayar da su kwali. Babbar matsalar ita ce wasan bai taɓa rabuwa da mai shi ba. Duk gwajin da aka yi masa kafin Essen, Injiniya yana zaune a teburin, shi ke bayani, shi ke raba gardama, kuma abokansa suna son sa. Ashe rabin ƙa'idojin a kansa suke, ba a takarda ba.

Wannan ba sakacinsa ba ne shi kaɗai, yadda muka gaji wasanninmu ke nan. Ba wanda ya koyi dara daga takarda. Yaro yakan tsuguna a gefe shekara da shekaru, a aike shi ya dawo ya ci gaba da kallo, ranar da aka rasa abokin wasa a ce zo ka zauna. Hanya ce mai kyau, ta riƙe wasan tsawon zamani, amma tana buƙatar dandali da dattijo. Kwalin da aka saya a Essen kuwa za a buɗe shi ne a wani ɗaki a Osaka ko Lisbon inda babu kowa sai takarda. Shi ya sa kamfanonin Jamus suke ɗaukar edita ya shafe watanni a kan shafi huɗu na ƙa'idoji. Shi ya sa ma wasan ramuka da ƙwaya, wanda Yarabawa ke kira ayo, mutanen Gana kuma oware, ya fi yaɗuwa a kantunan Turai da sunan Kalaha, sigar da wani Ba'amurke, William Champion, ya tsara ya rubuta mata ƙa'ida ya sa a kwali. Sigar ba ta kai na asali zurfi ba a wurin masu wasan, amma ita ce ta zo da takarda.

Akwai kuma abin da nake ganin Injiniya ya yi daidai ba tare da ya sani ba, wato zuwan kansa. Da ya tsaya sai ya shirya tsaf, da bai ga yadda ake koyar da wasa cikin minti biyar sau ashirin a rana ba, da kuma bai samu baƙi huɗu masu haƙurin da za su ɓata darensu a kan samfurin wani ba. Irin waɗannan mutane ba a samun su a ko'ina sai a irin wannan taro.

Bayan taro

Ranar Lahadi ana rufewa ƙarfe shida, kuma tun da rana masu rumfa suke karya farashi don kada su koma da kaya. Injiniya ya sayi ƙananan wasanni masu araha da dama, ba don ya buga ba, don ya karanta takardunsu ya ga yadda ake jera bayani: manufa tukuna, sannan abin da mutum zai yi idan yi ya zo kansa, sannan yadda wasa ke ƙarewa, keɓantattun hukunce-hukunce a can ƙarshe.

Cikin hunturun da ya biyo baya ya cire katunan guguwa da na 'yan fashi gaba ɗaya, ya rage raƙuman, ya sa dokar da ta hana haɗa ayari ɗaya sau biyu a jere, ya mayar da tseren rijiya tsakiyar wasan kamar yadda matar nan ta ce. Ya shiga wata ƙungiyar masu gwada samfuri da ke haɗuwa a garinsu. Ya kuma gano cewa hanyar da sababbi suka fi bi ba Essen ba ce kai tsaye: akwai taron masu ƙirƙirar wasanni na Göttingen da Reinhold Wittig ya assasa a 1983, inda kowa ke samun teburinsa editoci su riƙa zagayawa, akwai kuma gasar Hippodice ta wasannin da ba a buga ba, wadda wata ƙungiya ta nan yankin Ruhr ke shiryawa.

Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne a Essen ya fara jin labarin abin da ke faruwa a gida. Wani ɗan Ingila da suka haɗu a layi, da ya ji daga Nijeriya yake, ya tambaye shi ko ya san NIBCARD. Bai sani ba. Kamfanin wasannin tebur ne a Abuja wanda Kenechukwu Ogbuagu ya kafa, shi ne kuma ya fara taron AB Con na wasannin tebur a 2016, kuma a 2021 kamfanin ya ci kyautar Diana Jones, ɗaya daga cikin masu daraja a wannan fage. Har yanzu babu kamfanin da ya karɓi wasan ayarin. Takardar ƙa'idojin ta dawo shafi biyu, yana kuma rubuta ta da Hausa, don yana so in ya je hutu ya miƙa wa ɗaliban wata makarantar sakandare a Kano kwalin, waɗanda yawancinsu lido da Whot suka sani ba dara ba, ya koma bayan aji da littafinsa.